Babban Yatsana a Bakin Tukunya

Mijin yayata tela ne a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, kuma na tsane shi tun shekarar da aka kama maƙwabcinmu mai gasa tsire.

Ni a lokacin wasiƙu nake rubuta wa alhazai, yatsuna kullum cikin tawada. Tela kuwa ya haukace da wasu ƙananan littattafai da ake kawowa daga Masar, labaran wani Bature mai gano ɓarawo daga tokar taba da sawun takalmi. Har gilashin ƙara girma ya saya wurin mai gyaran agogo.

Wata safiya askar, 'yan sandan ƙasar, suka zo suka tafi da mai tsire, don ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Kashegari aka tsinci guntuwar takarda a lungu, an zana ƙofar gidansa, ga tabon yatsa a gefe. Aka ce wanda ya kai ƙara ne ya zana wa askar. Nan fa tela ya samu abin da yake nema. Bayan la'asar ya tara mazan gidan a tsakar gida, ya kife tukunya, ya ce kowa ya shafa baƙinta ya dangwala a farin ƙyalle.

"Haba Yaya," na ce, "wannan wasan yara ne."

"Mai gaskiya ba ya tsoron ilimi," ya ce. "Yalla, dangwala."

Na dangwala. Ya sunkuya da gilashinsa, ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ɗago ya nuna ni. Ba wanda ya ce a ba shi ya duba. Baƙin tabo ne kawai, kamar na kowa.

Matar mai tsire ta tofa mini yawu a riga. "Allah ya isa, maci amana!" A masallaci mutane suka riƙa barin gurbi tsakanina da su. Yayata ma ta daina aiko mini da tuwo.

Kafin aikin hajji, mai gidan da muke haya ya kori matar mai tsire ya zuba baƙi a ɗakin, yaronsa kuma ya yi suɓul da baka cewa ubangidansa ne ya kai ƙara. Kowa ya ji, amma ba wanda ya tako ƙofata.

Tela kaɗai ya zo, yana murmushi. "Ka yi haƙuri, ya shekh. Ko a littafin, akan zargi wani da farko."

Na tattara alƙalumana na koma unguwar Utaibiyya. Shekara goma sha ɗaya muna haɗuwa a Harami, ban taɓa miƙa masa hannu ba.