Magagarin Surukina da Rumbun Gero

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, ba na jin zan manta ranar da na kayar da maɗaci a kan rumbun surukina. Shekaru sun ja, shi ma ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na ji ƙarar injin yankan itace sai kunya ta lulluɓe ni.

Zamanin kuɗin fetur ne, muna cikin jihar Kano tukuna. Ina aiki da wani kamfani mai shimfiɗa kwalta a wajajen Kazaure, aikina sare itatuwan da suka tare hanya da zarto mai inji. Masu iya riƙe wannan inji a yankinmu ba mu da yawa, saboda haka kaina ya kumbura. Ga wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, ga baƙin tabarau ko babu rana, ga babur. In na shiga kasuwa ji nake kamar ni na haƙo fetur ɗin.

Abu ɗaya dai na iya da gaske, wato wasa sarƙar injin. Sarƙar tana da ƙananan haƙora masu lanƙwasa, kowanne da ɗan gurbinsa, kuma kowace irin sarƙa da kaurin zagayayyen magagarin da ke zama daidai cikin gurbin. In magagari ya yi siriri da yawa, sai ya nutse ya rarake gindin haƙori, bakin ya yi tsini marar ƙwari, ya dakushe nan da nan. In ya yi kauri, sai ya hau sama ya cinye lanƙwasar, haƙori ya koma shafar itace maimakon cizo. Nawa bai kai kaurin fensir ba, kuma kullum yana aljihun gaban rigata.

Surukina maƙeri ne a wani ƙauye bayan duwatsun Roni. Wata bakwai da na auri 'yarsa, ya aiko cewa gara ta cinye gindin maɗacin bayan gidansa, yana tsoron iska ta kayar da shi kan rumbu. Rumbun na ƙasa ne, yana yamma da itacen, a cikinsa kuma geron da gidan zai ci har kaka yake. Farkon damina ne. Na nemi izinin shugaban aikinmu, ranar Lahadi na ɗaure inji a bayan babur na tafi. Matata ta riga ni zuwa da kwana biyu, ta cika ƙauyen da labarin gwanintata.

To, a wajenmu suruki ba abokin hira ba ne. Tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka kafa ido a ƙasa. Ba ka ci a gabansa, ba ka sha, in tari ya taso maka ka haɗiye abinka. Duk abin da ya faɗa kuwa, ko cewa ya yi akuya tana ƙwai, amsarka ɗaya ce: "Haka ne, Baba."

Bayan azahar rabin ƙauyen ya taru kallon inji. Na duba itacen, na yanke shawarar kwantar da shi kudu, inda fili yake. Sarƙata ta ɗan dakushe saboda saiwoyin da na yanka cikin yashi ranar Asabar, sai na zauna na zaro magagarina. Ina sa shi a haƙorin farko inuwar surukina ta rufe ni.

"Mene ne wannan a hannunsa?" ya tambayi jama'a, don shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. "Da wannan tsinken zai wasa ƙarfe? A ƙofar gidan maƙera? Haba, ai sai a yi mana dariya."

Ya shiga maƙera ya fito da wani zagayayyen magagari mai kaurin babban yatsa, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Wani dattijo ya ce, "Kai, yau an karrama suruki! Wannan ko ƙanensa ba ya ba aro."

Jama'a, na san abin da wannan ƙarfe zai yi wa sarƙata kamar yadda na san sunana. Magana ɗaya ce za ta raba gardama: "Baba, ya yi kauri." Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa, "Na gode, Baba." Na sa hannu biyu na karɓa, har da ƙara rusunawa.

Haka na zauna ina lalata sarƙata da hannuna, haƙori bayan haƙori, ina kallon lanƙwasar tana tafiya. Gumi sai zuba yake. Shi kuwa yana tsaye a kaina yana gyaɗa kai. "Kun gani ko? Ku dubi yadda yake ci. Ƙarfe sai ɗan'uwansa babba." Jama'a suna ta "Gaskiya ne, Sarkin Maƙera."

Na tada inji, mata suka yi baya, awaki suka watse. Ƙara dai kamar za a tsaga ƙauyen, amma aiki babu. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take tofarwa manya manya. Tawa gari take niƙawa, ga hayaƙi, ga ƙaurin ƙuna. Daga bayan danga na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ashe injin niƙa ne ya kawo mana." Aka kwashe da dariya.

A nan ya kamata in kashe inji, in nemi gefe in sake wasa sarƙar da nawa magagarin, ko da zai ci ni har la'asar. Amma yin haka daidai yake da in shelanta wa gari cewa maƙerin gari bai san ƙarfe ba. Sai na ci gaba da dannawa da ƙarfin tsiya. Bakin da ake fara yankawa ta ɓangaren da ake so itace ya faɗi, ban kai shi inda ya kamata ba, na gaji na bar shi ɗan ƙarami, na zagaya baya. Ina tsakiyar yankan itacen gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari.

Iskar farko ta ɗebe hulunan mutane. Ta biyu ta sa maɗaci ya yi wata ƙara a cikinsa. Na zare inji na yi ihu a gudu. Itacen ya ɗan yi jim kamar mai shawara, ya ƙi kudun da na zaɓar masa, ya juya yamma ya kwanta rim a kan rumbu. Rumbu ya dare, dammunan gero suka zube, ruwa ya kece a kansu.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Muka yi ta kwasar gero cikin ruwa muna kaiwa zaure, ni da wandona mai faɗin ƙafa da ya sha taɓo ya yi nauyi. Abin da muka ceta muka ceta, sauran ya cakuɗe da laka da ɓaraguzan rumbu. Matata ta wuce ni da dami a ka, ko kallona ba ta yi ba.

Da ruwa ya ɗauke, surukina ya sa aka kawo masa injin a ƙofar zaure. Ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan, karo na farko tun da na san shi, ya dube ni ido da ido.

"Ba ni naka magagarin."

Na miƙa masa. Ya sa shi a gurbin haƙori guda, ya sa nasa, ya sake sa nawa. Maƙeri ne, bai buƙaci bayani ba.

"Ka san haka tun farko?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka yi shiru." Ya juya ya dubi zauren da ya cika da jiƙaƙƙen gero. "Ni ban taɓa ganin wannan inji ba sai yau. Saninka na aika a kira, ba durƙusonka ba. Yanzu kunyar taka za mu dafa wa yaran gidan nan har kaka?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wallahi hawaye ne suka cika mini ido, na rasa inda zan sa kaina. Sati uku ina zuwa kwaɓa ƙasar sabon rumbu, amma geron da ya ruɓe bai dawo ba, a damanar nan gidan sun ci tuwo sau ɗaya a rana, kuma ni na jawo.

Tun daga nan na gane cewa shirun da na ɗauka ladabi ne, tsoro ne kawai ya sa babbar riga. In babba zai yi kuskure a kan abin da kai ka fi shi sani, ka tuɓe takalminka, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai yadda aka koya maka, amma ka buɗe baki ka faɗa masa.