Nomau Direba da Tabon Ruwan Rijiya

Ranar kasuwar Bangi labarin ya iske ni. Ina rumfar da nake duba marasa lafiya, wani mai jaki daga Galma ya tsaya, ya gaishe ni, ya ce jiya bayan azahar aka kai Nomau direba makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi mamaki ba, domin ni na saurari ƙirjinsa a ƙarshen damina, na kuma san abin da na ji. Amma sanin zuwan abu bai taɓa rage masa nauyi ba.

Na san Nomau a shekarar da na dawo daga karatun likita a Dakar, aka ajiye ni Madawa. Shi ke tuƙa motar wani Bature mai kula da aikin hanya, ni kuwa an ɗora mini duba mutanen da ake kamowa aikin tilas, don haka a motarsu nake bin sansanoni daga Buza har Keita. Baƙar mota ce, kuma Baturen yana ji da ita fiye da duk wani mai rai da na ga ya kula. Kowace safiya yakan zagaya ta, hannu a baya, yana neman tabo. Aikin tuƙin nan shi ne duk abin da Nomau ya mallaka. Da shi yake ciyar da matarsa Habsu da 'ya'yansu, kuma muddin yana kan kujerar direba, ba mai tura shi cikin masu fasa dutse.

Duk wanda ya sha ruwan rijiyoyin Adar ya san zartsinsa. Ta cikin farin dutse yake fitowa, kuma in ya bushe a jikin ƙarfe sai ya bar ɗigo-ɗigon fari kamar sawun ƙyanda. Da damina Nomau yakan tari ruwan sama daga rufin kwano, ya adana a gangunan ƙarfe, ya rufe. In muna daji, ya fi yarda da ruwan tabki da aka bari ya kwanta. Ba ya wanki in rana ta ɗaga, ko in ƙarfe na da zafi. Yakan jiƙa wuri kamar faɗin buzun sallah, ya share da tsumman tsohon rawani tun ruwan bai sha iska ba, sannan ya matsa gaba. Yakan ce, "Ba ruwa ka yin ɓarna ba. Ruwan da anka bari shi bushe da kansa, shi ka yi."

Na taɓa tsokanarsa cewa ko amarya ba a yi mata irin wannan wanka.

"Lokotoro," ya ce, "amarya in ta yi tabo, dangi na rufa mata asiri. Wagga ba ta da dangi sai ni."

Ana cikin yaƙin Turawa, lokacin da ko fenti ba ya isowa daga teku, muka sauka wani ƙauye a gabas da Tabotaki. Ban ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambata ba. Bature ya hau doki ya tafi duba wani kwazazzabo. Nomau zazzaɓi ya kayar da shi, na ba shi kinin, na kwantar da shi a zauren maigari, na taka zuwa sansani.

A can, in baƙo mai daraja ya sauka, ba a barin dokinsa da gumi. Masu masauki ne ke shayar da shi, su wanke shi. Maigari, dattijo mai kirki, ya dubi motar ta yi jajir da ƙasa, ya ga abin kunya ne ta kwana haka a ƙofarsa. Bazara ce, ruwa ya yi nisa a rijiya, amma ya sa mata suka jawo abin da za su sha, suka kwarara mata da tsakar rana, suka cuɗa ta da toka da soso kamar tukunya, suka bar ta a rana ta bushe.

Da na dawo na tarar da Nomau tsaye a gabanta, lulluɓe da bargo. Daga goshi har baya ta yi dabbare-dabbare. Maigari na gefensa yana murmushi.

"Direba, ƙaƙa ka gan ta? Har ƙafafunta munka wanke."

Nomau ya rusuna.

"Baba, kun yi ɗawainiya. Allah shi saka da alheri."

Muka tura ta inuwa. Na sa aka jiƙa tsamiya, domin tsami yana narkar da irin wannan fari, muka yi ta shafawa da sauran ruwan saman da ya yi guzuri. Gilashi ya washe. Fenti kuwa toka da rana sun riga sun ci shi. Na ce zan gaya wa Bature yadda abin ya faru. Nomau ya riƙe hannun rigata.

"Lokotoro, kai ka duba masu fasa dutse, ka san yadda suke komawa gida. In ka faɗi, gobe gardawan Nasara masu bindiga sun kwashe mazan garin ga, ga shuka ta matso. Ni mutum guda ne."

"Habsu fa, Nomau? Yara fa?"

"Wanda ya halicce su bai yi tafiya ba."

Da Bature ya dawo, Nomau ya ce shi ya wanke ta da ruwan rijiya cikin ruɗin zazzaɓi. Na shaida cewa lalle yana da zazzaɓi, na roƙa a yi masa uzuri. Baturen bai ɗaga murya ba. Ya shafa ƙofar motar da yatsa, ya dubi yatsan, ya miƙa hannu a ba shi makulli. Kafin wata ya kama, Nomau yana cikin masu fasa dutse a hanyar Keita.

A nan na ci gaba da ganinsa, cikin layin masu jiran magani. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Sai dai in ya ga wata mota ta wuce, yakan bi ta da ido, ya ce, "Wanga direba da rana yake wanki." Garin dutse ya shiga huhunsa, tari ya kama shi, kuma duk abin da na karanto bai ba ni maganinsa ba. Da aka soke aikin tilas ya koma Galma, amma numfashinsa bai isa ya kai kunya guda ƙarshe a gona ba. Habsu ce ta riƙe gonar. Hanyar da ya fasa wa dutse, ruwan bana ya yanke ta a wurare da yawa, an ce za a sake.

Da na je gaisuwa, na iske maigarin nan a zaure. Ya tsufa ƙwarai, a kan jaki aka kawo shi. Yana gaya wa jama'a irin ladabin mamaci.

"Mu munka wanke mashi mota da hannunmu," ya ce, "har ya durƙusa ya sa muna albarka. Irinsu sun ƙare."

Habsu ta san komai. Daga bayan zana ta amsa masa: "Allah shi ba da lada, Baba."

Allah ya jiƙan Nomau, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Yadda ya rufa wa gari guda asiri, Allah ya rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai Shi. Allah ya ba Habsu haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsare su daga hannun wanda ba ya jin roƙo. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.