Abin da Inna Ke Gaya wa Kwara

A tungarmu ta bakin kogin Kwara, can ƙasar Bagudo, ba a taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar banda ce, ta kifi, mu yara 'yan cin arziki ne kawai. In an idar da sallar lisha, kakarmu, wadda kowa ke kira Inna, takan zauna gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, mu kewaye ta hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Har yau in na ji ƙanshin kifin banda a kasuwa, muryarta nake fara ji kafin in ji yunwa.

Kada a ɗauka irin kakannin nan ce masu ɓoye wa jika ƙuliƙuli a bakin zane. Inna faɗa gare ta. In na wanke ƙwarya ta bar maiƙo, sai ta ce ko da gwiwa na wanke. In ta fita tas, ta juya ta, ta ce "to", shi ke nan ladana. Gidanmu duka haka yake. An yi imani yabo yana jawo baki, yana kuma kumbura wa yaro kai. Babanmu na da karin magana guda da ba ya gajiya da ita: ka ƙi naka duniya ta so shi.

Wanda wannan ƙa'ida ta fi faɗa wa shi ne wanmu. Ɗan fari ne, don haka Baba da mahaifiyarmu suna kunyarsa, ba su kama sunansa. Sunan nasa kuwa Garba, na ɗan farin Inna ne aka mayar, ita ma ke nan ba ta faɗa. Sai ya tashi kowa na ce masa Maisuna. Mu yara mun san dai an yi wani Garba, wan Baba, amma ba a zancensa, mu ma ba mu tambaya.

A shekarar da Turawa suka miƙa mulki, muryar Maisuna ta buɗe, ƙirjinsa ya fara faɗi. Lokacin jiragen Dandawa na gangarowa daga Dahomey, wadda muke kira ƙasar Faransa, suna sayen banda. Ana ta raɗe-raɗin tunda kowace ƙasa ta samu tutarta, ƙetare iyaka zai yi wuya, mai son tafiya ya tafi tun da sauran hanya. Maisuna ya shiga yawan zama wurin masu jiragen nan. Su kuwa bakinsu da zaƙi, sun ce ba su taɓa ganin saurayi mai tuƙi irinsa ba.

Ranar da nake magana, ya fita shi kaɗai ya kamo giwan ruwa, ƙato, wanda sai da maza biyu suka taya shi ɗauka. Tunga duka ta fito kallo. Baba ya zo, bai dubi kifin ba, ya ɗaga komar da ta yage ya nuna wa jama'a, ya tambaye shi ko shi ya saƙa ta da zai yi mata wannan ɓarna. Maisuna ya juya ya bar wurin. Da la'asar, ina neman kazarmu, na ga ƙullin kayansa a ƙarƙashin wani tsohon jirgi da aka kife. Jiragen Dandawa kuwa da asuba za su tashi. Tsoro ya hana ni gaya wa kowa, ashe Inna ta riga ni gani.

Da daddare giwan ruwan nan aka yanyanka aka ɗora kan banda. Maisuna na zaune nesa da wuta, ya ba mu baya. Baba na bayan zana da fitilarsa yana ɗinkin komar, muna jin tarinsa. Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan ta fito jiƙe, ku matsa mata ta sha wuta."

Muka ce ta zo ta bushe, mu ji ta.

Wai an yi wata mata a bakin gulbi mai ɗa guda, yaro mai hannu, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau. Tana son sa kamar ranta, sai dai tana tsoron baki. In ya yi kuskure, ta gyara masa a gaban kowa. In ya yi abin kirki, yabon ya taso mata har maƙogwaro, sai ta haɗiye. Amma yabo ba tuwo ba ne, ba ya narkewa a ciki. Da ya yi mata nauyi, sai ta riƙa zuwa bakin ruwa da sassafe, ta duƙa kamar mai wanke tukunya, ta raɗa wa gulbi. Ta ce ɗanta gwani ne, ta ce babu kamarsa, ta ce Allah ya yi mata kyauta. Ta tashi ta koma gida ta ci gaba da faɗa.

Abin da ba ta sani ba, akwai 'yar ruwa a gurbin nan, tana tsince maganganun ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gora. Ran nan yaron ya fita su, ransa a ɓace don an yi masa faɗa, sai 'yar ruwan ta buɗe gorar. Ya ji muryar uwarsa na tasowa daga ƙasan ruwa, tana faɗin abin da bai taɓa ji ta faɗa a tudu ba. Ya ajiye sandar tuƙi ya saurara. Ya leƙa. Ya ce a ransa, ashe uwata ta gaskiya a ƙasa take, wadda ke gida mai kama da ita ce. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyun.

Da yamma jirgi ya dawo ba kowa. Uwar ta ruga bakin gulbi ta buɗe baki don ta kira shi da daɗin magana, ta tarar duk ta zuba wa ruwa, ba abin da ya rage mata sai faɗa. Ta tsaya tana cewa ya fito, wane irin sakarci ne wannan, dare ya yi. Shi kuwa yana can inda ake yabon sa.

Inna ta tura icce cikin wuta. Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan ɓera yadda aka saba ba. Ƙanena ya gaji da jira, ya tambaye ta ko yaron ya dawo.

"Ina ni ka sani, ɗan nan?" in ji ta. "Ni dai har yau ban gan shi ba."

Bayan zana tarin Baba ya tsaya. Muna nan har fitilarsa ta zagayo, ya tsaya kan murhun banda, abin da namiji ba ya yi a gidanmu. Ya daɗe yana kallon naman kifin. Na ga maƙogwaronsa na motsi. Bai dubi inda Maisuna yake ba, uwarsa ya duba.

"Inna, kifin ga, ina shekarunai ban taɓa kama irinai ba. Ko yanzu sai Allah ya so."

"Awo," in ji Inna. "Ni ka ka gaya ma?"

"Mai kunne ya jiya," ya ce, ya ɗauki fitilarsa ya koma.

Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma na san da ƙyar ya fito. Ban yi barcin kirki ba a daren. Na ji jiragen Dandawa sun tashi da asuba suna waƙar tuƙi, na kasa leƙawa. Da gari ya waye na tarar da Maisuna zaune yana ƙarasa ɗinkin komar, Baba na tsaye a kansa yana ce masa ƙullin ya yi sako-sako. Murmushi yake yi. A tungar nan ya yi aure, a nan ya tsufa.

Sai da na zama budurwa mahaifiyarmu ta ba ni labarin Garba na fari. Shi ma gwanin su ne. Inna ta yi masa faɗa wata safiya a kan wani abu da ba wanda ya ƙara tunawa, ya bi jirgin fatake ya haura ƙasar Faransa. Wasu sun ce sun gan shi wajen garin Malanville, wasu sun ce ruwa ya ci shi a hanya. Ko gawa ko saƙo ba a samu ba.

Na yi shekaru ina koyar da 'yan mata a makarantar firamare ta Bagudo, na kuma haifi nawa. Ban daina gyara ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma na ga yara da yawa da aka tanƙwara har suka karye, iyayensu kuwa na yawo gari suna gaya wa maƙwabta irin kirkinsu. Yaron da bai ji yabo a gida ba, ba ya daina neman sa, kuma duk wanda ya riga buɗe masa gora shi zai bi. Ni ma kunyar 'yar farina ta kama ni, kamar kowa. Sai dai in maganar ta taso min maƙogwaro, nakan tuna wancan dare, in daure in faɗa tana ji.

Inna ba ta samu wannan damar ba. Kullum da sassafe takan ɗauki tukunya guda, ko ba ta da datti, ta gangara bakin Kwara ita kaɗai. Wata rana na je ɗibar ruwa, na iske ta duƙe, ba ta ji zuwana ba. Sunan da ba ta taɓa kamawa ba na ji tana kira.

"Garba, kai ɗiyan kirki na. Hannunka na da kyau. Ni ab ban gaya maka ba."

Na koma da baya da tuluna ba ruwa. A lokacin na ɗauka aike take ba wa gulbi ya kai masa. Sai da na girma na lura da abin da har yau ke hana ni barci: Kwara daga wajensa take gangarowa. Duk abin da Inna ta raɗa mata, Yawuri ya nufa, ya ba shi baya.