Ranar da Na Yi wa Malama Gatse

A Abakpa Nike, wata unguwa a Inugu, na girma, a gidan haya mai ɗakuna a jere. Wutar da muke zagayewa da yamma ta kwal ce, wanda Baba yake samowa wajen ma'aikatan jirgin ƙasa, mai warin da ke maƙalewa a ɗankwali. A kanta kakata, Inna Dudu, take suyar ƙosai tana sayar wa leburori. Da an yi isha'i sai kasko ya sauka, tatsuniya ta hau. A shekarar da nake magana, maza sun daina zama kusa da mu. Suna bakin ƙofa sun kewaye rediyo, suna jin labarin sojoji, suna magana ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa a ganina damuwata ta fi ta ƙasar girma. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu, kuma ban taɓa ɗaga hannu ba. Na san yarinyar da ke cin alli a ɓoye, na san takalmin Malama Nkechi na hagu ya fi na dama cinyewa, amma rabin ajin ba su san muryata ba. Wata safiya na makara. Malama ta dube ni ta ce da Turanci, "Sannu da zuwa, uwargida. Ai kin yi sammako. Gobe ki bari sai an fita tara."

A gidanmu ba a musu da babba, kuma na ɗauka Turanci harshen littafi ne, ba a wasa da shi. Washegari na zauna gindin mangwaro har aka buga ƙararrawar tara, sannan na shiga. Aji ya kece da dariya, wani yaro har da faɗowa daga benci. Malama ta rubuta kalma a allo: sarcasm. Ta ce gobe in tsaya gaban aji in faɗi ma'anarta da misali, in ba haka ba ta mayar da ni ajin baya, cikin masu majina.

Da yamma ko ƙosai na kasa ci.

"Ƙawa, wa ya mutu?" in ji Inna.

Na kwashe labari na gaya mata.

"Sakazin? Wannan ai ya yi kama da maganin tari." Ta gyara kwal da muciya. "Da take maganar, girarta tana ina?"

"Ɗaya a sama."

"Hannunta fa?"

"A ƙugu."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Sannan ta dubi sauran yaran gidan ta ce, "Ku matso. Ga ta nan ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya tafi ɗaki."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai kura ce ta shiga gari ta ɗauke wa wata tsohuwa akuya. Tana tsallake danga sai tsohuwar ta fito, ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu da aiki, kura! Allah ya yi albarka. Gobe ma ki dawo, amma da rana tsaka, mu tara gari mu yi miki kiɗa." Kura ta koma daji tana ɗingishin jin daɗi, tana cewa ashe mutane sun san darajarta. Ta yi wanka, abin da ba ta yi ba tun ranar sunanta. Ta ari kwalli wajen gada. Rana na take tsakiya ta shigo gari tana rangwaɗa. Kiɗa kam an yi, sai dai da taɓare, kuma a gadon bayanta. Tana gudu tana ihu, "Ba ku kuka gayyace ni ba?" Inna ta ƙare da, "Ƙurunƙus, kan kura ya sha taɓarya."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Inna, ai gatse tsohuwar ta yi mata!"

"Kai, madalla da shehiya. Gobe sai a naɗa miki rawani."

Sai na gane ni ma gatse ta yi mini. Kullum in na fasa kwano Inna takan ce, "Yawwa, ga sauran can, ki ƙarasa," kuma ban taɓa ƙarasawa ba. Na ce, "To su ma Turawa suna yi?"

"Ina ruwan gatse da yare? Duk mai gira yana yi. Amma ba a yi wa babba, sai in shi ya fara tsokana."

Da safe sai ga shi Malama ce ta makara, ta shigo da jar ƙasa a ƙafa, fuska ba walwala. Duk da haka ba ta manta da ni ba. Na tsaya gaban aji, na ce kalmar tana nufin baki ya yaba alhali ido yana zagi. Ta ce, "Misali?"

Abin da na tuna kawai, ita ta fara tsokana. Na ɗora hannu a ƙugu, na ɗaga gira ɗaya, na ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ai kin yi sammako."

Malama ta zuba mini ido, sannan kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta zauna a kan teburi tana share hawaye da bayan hannu. Ta ce in koma mazaunina, ba inda zan tafi.

Ba a yi wata biyu ba rikicin ƙabilanci ya tsananta, muka bar Inugu da ƙullin kaya a ka. Sai da na girma wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta gaya mini cewa a kwanakin nan kullum Malama takan fara biyawa tasha, tana duba jiragen da ke kwaso masu gudun rikici daga Arewa ko za ta ga ƙanenta. Da na sani, da bakina bai buɗe ba. Amma yanzu ina ganin gara da ban sani ba. A lokacin kowa a garin yana auna maganarsa a gaban wanda ba yarensa ba, ni kuwa na tsokane ta kamar yadda ake tsokanar na gida, ita ma ta karɓa a haka.