Rigar Siminti a Ɗakin Kaka Yagana

Kakata Yagana ba ta taɓa kiran sunan ubana ba har ta koma ga Allah. Ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu kamar farilla. In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana da saƙo, mu jikoki ne 'yan aike: mu ce wa wancan, wai gero ya ƙare. Shi ma sai ya ce mu ce wa tsohuwa an ji. Ni kuwa sunanta aka sa mini, don haka Baba bai iya furta nawa, Uwani yake ce mini. Haka muka tashi, uwa da ɗa a gida ɗaya suna magana ta bakin yara, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Gidanmu yana cikin Birnin Damagaram, can wajen duwatsu, ginin ƙasa tun na kakanninmu da fatauci ya kawo daga Barno. Ɗakin Kaka yana jingine da shigifar da Baba ke zama, bango ɗaya ya raba su. In sanyi ya shigo, da an idar da isha'i sai ta hura kasko, mu zagaye shi muna binne gyaɗa a toka, ita tana tsokanarmu wai duk cikinmu babu mai kyan da za a kai kasuwa. Ta bayan bangon kuma rediyon Baba na ta surutu.

Shekarar da Baba ya samu ƙarin girma a duwan, wato aikin kwastan, sai ga kamyo, babbar motar kaya, ya sauke buhunan siminti a ƙofar gida. Makwabta suka yi ta zuwa barka. Baba ya ce an gama wahalar yaɓe duk shekara, za a shafe gidan ciki da waje, kuma da ɗakin tsohuwa za a fara. Kaka ba ta aiki kowa ya ce wa wancan ya bari ba. Ita da kowace shekara kafin damina take kwaɓa jar ƙasa da ruwan makuba, ta bi ɗakinta da tafin hannu tana shafawa, har sai ya yi sheƙi.

Ranar ta ajiye labaran kura da zomo. Ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu matsa mata, muka ce ta shigo. Abin da na lura da shi tun ina ƙarama shi ne, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai a zamanin sarakunan da, an yi wani madugu da ya gaji da gayyar yaɓe. Duk shekara a tara mutane, a dafa musu tuwo, a ɓata masa tsakar gida da laka. Ranar nan yana wucewa tsakanin duwatsu, sai wata aljana ta tare shi, ta ce za ta ɗinka wa gidansa rigar dutse wadda ba ta tsufa, amma in an saka ba a cirewa. Ya ce ya yarda. Gari ya waye, gida sumul, mutane suna zuwa kallo. Madugu bai san gidan ƙasa yana numfashi ba, da damina ya sha ruwa, da rani ya fitar. Da aka sa masa riga, sai ya sha ta ƙasa ya rasa ta inda zai fitar. Mutanen gida suka fara jin nishi a cikin bango. Sai kuma suka fara jin yana kiran sunayen waɗanda suka taɓa shafa shi, har da matattu.

A nan Kaka takan sa kunne kamar ita ma tana ji, ta ce da wata irin murya: "Ina hannuwan? Ina hannuwan da ke taɓa ni?" Wallahi har yau ban manta muryar nan ba. Ƙanena yakan cusa kai cikin zanenta.

Madugu ya fita ya duba gida ta waje, ya ga ko tsaga babu, ya ce ƙaryar mata ce. Har wata rana ya jingina da bango, bango ya burma da shi, ciki ba komai sai ruɓaɓɓiyar ƙasa da gara. Kaka ta ce rigar tana nan tsaye har yau a cikin duwatsu, ba gida a cikinta, kuma in ka ƙwanƙwasa tana amsawa. Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa.

Duk sanyin shekarar wannan tatsuniya muka sha. Muka yi ƙorafi, ta ce wanda ya gaji ya toshe kunne, ba don mu kaɗai ake yi ba. Mu ina muka gane? Abin da na sani kawai, da ta fara sai rediyon Baba ya yi ƙasa. Amma da rani ya tsaya magina suka zo, aka shafe gida tas. Kaka ta koma ɗakinta mai launin toka, ta zauna a ciki har ƙarshen ranta, ba ta sake ba mu labarin madugu ba.

Na girma na karanta zanen gini. A biro, wato ofis, ina zana wa mutane kantuna da benaye, abincina ke nan. Asabar da Lahadi kuwa, ni da wasu abokan aiki da ɗalibai da tsofaffin magina muna bin gidajen Birni a matsayin 'yan sa-kai. Aikin ba shi da wata burga. Mu bi bango da guduma ta itace muna ƙwanƙwasawa, inda ya yi sautin ƙwarya mun san siminti ya rabu da ƙasa, ruwa ya kwanta a baya. Mu ɓamɓare a hankali, mu bar shi ya sha iska, mu cike da tubali, mu mayar da makuba. Mun ceto zauruka da dama, wasu kuma mun zo a makare. Duk inda na ji wannan sauti, muryar Kaka nake ji, ban taɓa gaya wa abokan aikina ba don kada su ce Yagana ta fara taɓuwa.

Gidan da ya gagare ni shi ne namu. Na daɗe ina ganin farin gishiri na fitowa a gindin ɗakin Kaka, alamar danshi ke nan. Na je na ƙwanƙwasa a ɓoye, na ji sautin ƙwarya. Na yi wa Baba magana, ya ce ɗiyar da ya kai lakwal ta yi boko ba za ta zo ta mayar da shi zamanin laka ba. Raina ya ɓaci, don ni ma ba haƙuri ya ishe ni ba, na ce a raina tsoho da taurin kai sai Allah. Kowace damina in hadari ya haɗo, ina gidana a unguwar Zango amma hankalina yana kan ɗakin nan.

Sai da wata damina ta yi ƙarfi, ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa, sannan ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a shigifa, ya tsufa, rediyon a kashe. A nan ya gaya mini abin da ban sani ba. Wai shekarar da ta gabaci simintin, ya leƙo ya ga Kaka ta hau kifaffen turmi tana yaɓe, turmin ya goce ta faɗi. Ya tsaya a bakin shigifa, kunya ta hana shi zuwa ya ɗaga ta, sai maƙwabciya ya kira. Tun ranar ya yi alkawari hannunta ba zai ƙara taɓa laka ba. Na ji kunyar duk maganganun da na yi a kansa, na ji tausayinsa har na kasa kallonsa.

Da Asabar muka zo da mutanena. Baba ya ce shi zai fara. Ya karɓi guduma ya buga sau ɗaya, falle guda ya faɗo, ƙasa ta biyo baya tana zuba, baƙa, jiƙaƙƙiya, da gara a ciki. Na cusa hannu har gwiwar hannu ban taɓa abu mai ƙarfi ba. Azarar rufi ta ruɓe a inda ta shiga bango. Na san abin da wannan ke nufi, maginan ma sun sani, kowa ya sunkuyar da kai ya bar ni da ubana.

Ya tambaye ni ko zai tsaya. Na so in kewaya, in ce sai mun ƙara dubawa, amma na tuna gidan nan ya sha kewaye-kewaye ya ƙoshi. Na ce masa zaure da shigifa za su tsira in Allah ya yarda, ɗakin Kaka kuwa sai an sauke shi kafin ya faɗo wa wani.

Ya kalli ƙasar da ke zuba. Can ya ce, "Uwani, da ta kira ni sau ɗaya ta ce kada a yi, wallahi da ban yi ba."

Na ce, "Ai ta faɗa, Baba. Duk sanyin nan ta faɗa."

Ya ce, "Ku ta faɗa wa."

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a yarda da aljana. Da na yi karatu na ce ai maganar siminti da danshi ce, har ina jin daɗi kakata ta riga littattafai. Yanzu kuwa in na tuna, mutum biyu nake gani, kowa a gefensa na bango ɗaya, kowa yana ƙoƙarin ceton ɗan'uwansa, ba mai iya buɗe baki. Mun sauke ɗakin kafin damina ta sake zagayowa. Baba bai fito ya gani ba, kuma daga ranar ya daina zama a shigifa.