Ranar da raƙumin gwamnati ya cinye shaida

A gonarmu ta hanyar Ɗan Gulbi gawo ɗaya ne tak ya rage. Kakana ya ce a da, biri kan tashi daga Dakoro ya sauka Maraɗi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, don yawan itatuwa. Nasara suka zo suka ce a sare a shuka gujiya. Da aka gama saran, suka kafa doka cewa duk icen da ya tsira na hukuma ne. Suka tafi da gujiyar, suka bar mana rairayi da dokar.

Shekarar da damina ta yi mana rowa, tunkiyar matata ta rame har daga kasuwa kana ƙirga haƙarƙarinta, ga ta da ciki. Matata ta ce, "Maigida, in tunkiyar nan ta mutu, ka nemi mai dama maka fura."

Na ɗauki gatari na ja tunkiyar zuwa gona, na haye gawon, na saro reshe ɗaya mai ganye. Ban gama saukowa ba sai ga ma'aikacin gandun daji bisa raƙumin gwamnati, da kaki da hula.

"Kai! Wa ya ba ka izinin taɓa icen gwamnati?"

"Mushe," na ce, wato yallaɓai a Faransanci, "iska ce."

"Iska da gatari?"

"Iskar bana ta waye, ranka ya daɗe."

Ya durƙusar da raƙumin ya zaro takarda, ya ce biro za mu, wato ofishinsu, ni da reshen da tunkiyar. Ni kuwa na san tunkiyar da ta shiga biro fatarta ma ba ta dawowa. Na leƙa bayansa, sai na ga raƙumin ya miƙa wuya ya kama reshen, tunkiyar na tayawa daga ƙasa.

Nan na shiga ba shi tarihi. Kakana, Nasara, gujiya, har birin. Da na ga da sauran ganye, na yi wa birin aure a Tagriss, na ba shi 'ya'ya tara, kowanne da sana'arsa.

Da ya gaji ya juya, sai sanda tsirara.

"Ina reshen?"

"Mushe, gwamnati ta ci kayanta. In rubutu za a yi, a fara da sunan raƙumin."

Raƙumin ya yi gyatsa. Mutumin ya naɗe takardarsa yana cije dariya, ya hau abinsa ya tafi.

Tunkiyar ta haifi tagwaye. Har yau ana dama mini fura, sai dai matata ta ce raƙumin take gode wa.