Ayoyin da Baban Nanret ya ƙarasa mini

Jama'a, sannunku da haƙuri. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ko an sace wayar Malama Rifkatu ne, waya tana nan lafiya lau. Murya ce ta tafi, da ta tafi kuwa ko rubutun ma ya fita raina.

Abin ya fara ne da sarƙar wuya. Wata Lahadi na zo ɗaurawa ta ƙi kaiwa. Na ce ƙiba ce, har na ji daɗi. Daga baya loma ta fara tsaya mini, in na kwanta rigingine numfashi ya riƙa yi mini wuya.

Maƙwabciyata Hajiya Ladi ce ta tare ni a bakin famfo. "Maman Nanret, wannan ba ƙiba ba ce. Ki daina rufe shi da mayafi, ki je asibiti."

A nan Gumel suka ce maƙoƙo ne, suka tura ni Kano. Gwajin jini, hoton wuya, sai allurar da suka soka cikin kumburin don a duba ko ciwon daji ne. Jiran sakamakon ya fi allurar ciwo. Ba daji ba ne, amma dole a yi aiki. Ajiyarmu ta ƙare kaf, matan zumuntar cocinmu suka cika sauran.

Likita bai ɓoye mini ba. "Jijiyar murya a manne take da wurin. Za mu kiyaye, amma ba zan yi miki alkawari ba."

Nan tsoro ya kama ni, kuma ba ajin da nake koyarwa na fara tunawa ba. Mama na tuna.

A cocinmu, duk shekara ranar Lahadin Littafi Mai Tsarki, nassi ɗaya ake zaɓa, kowane yare ya fito da mutum ya karanta. Na Angas ni kaɗai ce mai iyawa. Mahaifiyata kuwa tun rasuwar Baba ta baro Pankshin take zaune da mu. Ba ta yi makaranta ba, Hausarta ta cefane ce. Shekara guda cur tana cewa amin a kan abin da rabinsa ta ji. Wannan ranar kaɗai take jin Maganar Allah a gaban jama'a da harshen da aka raine ta. Tun da saura wata take fito da zaninta.

An yi aiki. Na farka, na buɗe baki in ce ruwa, sai iska kamar tayar keke ta sace.

Na yi kuka sosai.

A gida da cokali nake kiran yara, in buga a kwano. Maigidana, Baban Nanret, mutumin Kudancin Kaduna ne, kuma tsokana a jininsa take. Ya ce tunda muka yi aure bai taɓa cin gardama a gidan nan ba sai bana. Duk zamanmu abin da ya iya a yarenmu bai wuce "zo ka ci abinci" ba.

Da likita ya ce in fara motsa muryar kaɗan-kaɗan, kullum ya dawo daga aiki a Gagarawa, ko hular babur bai cire ba, sai ya miƙo mini Littafin. "Karanta na bana. Ke ki faɗa, ni in maimaita, don kada ki ji ke kaɗai ce." Ina raɗa, yana maimaitawa, yana karya yaren nan gutsu-gutsu. Mama tana kan tabarma tana dariya har da hawaye.

Ranar ta zo muryar ba ta gama dawowa ba. Fasto ya ce ko a tsallake namu bana. Na ƙi.

Na Tibi ya karanta, na Ibo ya karanta, na fito. Ayoyin farko sun fita. Ina tsakiyar wata, muryar ta ɗauke. Na haɗiyi yawu, na sake gwadawa, babu. Na hango Mama ta miƙo wuya, hannu a bayan kunne, tana jira.

Sai na ji mutum a gefena. Baban Nanret ya karɓi Littafin, ya ɗora daga inda na tsaya.

Gaskiya karatun bai yi kyau ba. Bai yi nisa ba Mama ta gyara masa daga kan benci, da ƙarfi. Ya ce, "To, Mama," ya maimaita. Ta sake gyarawa. Ashe duk zaman tabarmar nan ta haddace nassin. Kafin a ankara ita ke faɗa, shi yana bi. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ita ta kai mu ƙarshen sura.

Yanzu na koma aji. Murya ta dawo, sai dai in na daɗe ina magana takan dishe. Ƙwaya ɗaya nake sha kowace safiya.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da matan zumunta, da Hajiya Ladi da kununta da bai taɓa fashi ba.

Don Allah, in kun ga kumburi a wuya, ko haɗiya tana muku wuya, kada ku rufe da mayafi kamar ni. Ku je a duba da wuri. Ku tambayi likita abin da zai iya biyo bayan aiki, ku riƙe ranakun komawa, kuma kada ku ajiye magani don kun ji sauƙi.

Shi kuwa Baban Nanret, a cikin keke-napep muna komawa gida ranar, Mama ta riƙe hannunsa ta yi magana da yare. Ya ce in fassara. Na raɗa masa: ta ce yarenta ya sha wuya a bakinka, amma baɗi ko muryata ta dawo, kusa da ni za ka tsaya.